Ba kowace mura ake ba kwana uku ba



Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambaya ɗaya ce ta fi yawo a tsakaninmu: "Kajina suna mura, wane magani zan ba su?" Kafin ka ƙifta ido an jero wa mai tambaya sunayen magani goma. Wannan ya ce tailosin, wancan ya ce a haɗa da doksi, wani ya ce tafarnuwa da citta, wani ya ce a jiƙa ganyen darbejiya. A ƙarshe kuma a rufe da maganar da muka saba: "Ka ba su kwana uku ka gani." Da wuya ka ji wanda ya tambayi mai kajin guda nawa suka mutu shekaranjiya, nawa jiya, nawa yau. Ni kuwa a ganina wannan ita ce tambayar farko, kuma wanda bai yi ta ba bai kamata ya ambaci sunan magani ko ɗaya ba.

Kalmar "mura" ɗin nan ita ke yaudararmu. Da ita muke kiran abin da ke sa kaza atishawa ta warke, da ita kuma muke kiran abin da ke share ɗakin kaji dubu biyar cikin 'yan kwanaki. Tunda sunan ɗaya ne, sai zuciya ta ɗauka ciwon ma ɗaya ne, wannan dai ya ɗan fi wancan ƙarfi. Alhali ba ma dangin juna ba ne.

Bari mu fara da jikinmu, don shi kowa ya sani. Murar yau da kullum sannu take shigowa. Yau maƙogwaro yana ƙaiƙayi, gobe atishawa, jibi hanci ya toshe majina ta fara zuba. Ba ka jin daɗi, amma kana kan ƙafarka: ka zuba wa kaji abinci, ka kwashe ƙwai, ka je kasuwa da hankici a aljihu. Zazzaɓi in ma akwai ɗan kaɗan ne, kuma ya fi yawa a yara. Kwana bakwai zuwa goma ta wuce, ko ka sha magani ko ba ka sha ba. Ƙwayoyin bairos sama da iri 200 ne ke kawo ta, shi ya sa ba ta da allurar rigakafi, shi ya sa kuma babban mutum ke yin ta sau biyu sau uku a shekara.

Infuluwenza kuwa ba ta sallama. Mutum ya tashi da safe lafiya ƙalau, kafin la'asar ya shige bargo yana rawar sanyi. Sau da yawa har lokacin da ta kama shi zai iya gaya maka. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon jiki kamar an yi masa duka da taɓarya, busasshen tari, ga kasalar da ko ruwa aka ajiye masa a gefe sai ya yi shawara kafin ya miƙa hannu. Zazzaɓin kan sauka cikin 'yan kwanaki, amma tarin da kasalar su bi mutum har sati biyu ko fiye. Abin tsoron shi ne tana iya sauka cikin huhu ta zama nimoniya, musamman ga tsofaffi, ƙananan yara, masu ciki, da masu asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Mu a nan ba ma ganinta da sunanta, saboda duk zazzaɓin da ya zo da ciwon jiki maleriya muke kiransa, mu wuce kemis ba tare da gwaji ba. Kakanninmu dai sun san ta. Annobar 1918, wadda a ƙasar Hausa aka sa wa suna marisuwa, infuluwenza ce. Ta jirgin ruwa ta shigo Legas a watan Satumba na shekarar, ta bi layin dogo ta hauro arewa, kuma ƙiyasin masu tarihi shi ne ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a Najeriya kaɗai. Ita ma da tari da zazzaɓi ta fara.

To ka riƙe wannan bambancin, ɗaya mai sannu mai hayaniya, ɗaya mai sauri mai kayarwa, ka shiga da shi ɗakin kajinka. Kusan haka abin yake a can ma.

Abin da yawancinmu ke kira murar kaji, cutar CRD ce, wadda ƙwayar maikofilazma ke kawowa. Ita da kunne ake fara gane ta. Ka shiga ɗakin da daddare bayan sun kwanta, ka tsaya shiru, za ka ji minshari da kurari daga nan da can. Da rana ka ga atishawa, suna girgiza kai, wasu ido na kumfa. Ci ya ɗan ragu, buroila ba sa nauyi yadda ya kamata, masu ƙwai su rage kaɗan. Tana jan lokaci, sati biyu sati uku tana nan, amma mutuwa ba ta da yawa sai in wata ƙwayar bakteriya ta hau kanta, galibi saboda ƙazantar ruwa ko jiƙewar shimfiɗa. Tana jin magani, amma a gaya wa juna gaskiya, magani danne ta yake yi, ba ya raba kaza da ita. Kuma tana bin ƙwai daga uwa zuwa ɗan tsako, don haka wani lokacin da kuɗinka ka sayo ta a kwali.

Sai koraiza, wadda ta fi kama manyan 'yan mata da masu ƙwai. Ita hanci ne ke fara gaya maka, don majinar tana da wari. Fuska ta kumbura, ido ya manne, ka ga kaza tana tsaye ba ta ganin abinci. Tana zagaye ɗaki da sauri, ƙwai ya faɗi da kashi 10 har zuwa 40 cikin ɗari, amma ita ma ba ta cika kisa da yawa ba. Wadda ta warke kuwa tana nan ɗauke da ƙwayar, shi ya sa mai haɗa tsofaffin kaji da sababbi a wuri ɗaya ba ya rabuwa da ita. Akwai kuma ta maƙoshi da ake kira IB, wadda ke sa ƙwai ya fito a murɗe, ɓawon ba ƙwari, farin cikinsa tsululu kamar ruwa. Ita bairos ce, antibayotik ba ya taɓa ta.

Wata murar ma ba cuta ba ce, mu ne muke haɗa ta da hannunmu. Sanyi ya shigo, mutum ya sa leda ya liƙe ko'ina, ya kunna gawayi, shimfiɗa ta jiƙe, warin kashi ya taru ba hanyar fita. Ga ƙurar hunturu a kai. Idan ka shiga ɗaki ka tsuguna daidai tsayin kan kaza ka ji idonka yana yaji, to su da suke kwana a ciki fa? Wannan yajin amoniya ce, tana ƙona hanyar numfashinsu, ita ce kuma ke buɗe wa CRD ƙofa. Maganin wannan a buɗe saman ledar iska ta wuce, a kwashe jiƙaƙƙen ɓuntu a zuba busasshe, a gyara mazubin ruwan da ke yoyo. Amma sai ka ga an kashe kuɗin buhun abinci guda wajen sayen magani, leda kuwa tana nan a liƙe.

Duk waɗannan suna ba ka lokaci. Za ka iya kiran likitan dabbobi yau ya zo gobe, a fara magani, ka yi asarar ƙwai da nauyi, jarinka dai yana nan. Kuma ba sa kama mutum.

Murar tsuntsaye mai tsanani, wadda aka fi sani da H5N1, ba haka take ba. Ita ce 'yar uwar infuluwenzar mutane ta gaskiya, gida ɗaya suka fito. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sau da yawa ba ta ma yin abin da muke kira mura. Ba minshari, ba atishawa. Ka rufe ɗaki da yamma kaji suna ci suna sha, da safe ka kwashe gawa, kuma masu ƙiba, masu kyan gashi, ba ragowar da ka san dama suna jan jiki ba. Ɗaki ya yi tsit. Duk mai kiwon masu ƙwai ya san hayaniyar da suke tarbarsa da ita da safe, to ranar ba za ka ji ta ba. Ruwan da suke shanyewa kafin azahar ka tarar da shi rabi. Ƙwai ya faɗi lokaci guda, wanda aka samu ma wasu ba ɓawo. Waɗanda suka ɗan jima kafin su mutu, ka ga zanko, wato jan naman nan na kan kai, da na ƙarƙashin baki sun kumbura sun yi shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi. Kai ya kumbura. Ka duba ƙwaurin ƙafa ka ga jini ya kwanta a ƙarƙashin fata kamar an murje shi. Wasu su yi koren zawo, wasu su murɗe wuya. Lissafin mutuwar kuma ba ya tafiya a hankali: yau biyar, gobe talatin, jibi ɗari biyu. Tana iya kashe kashi 90 zuwa 100 cikin ɗari na ɗaki, wani lokacin cikin awa 48. Yanzu ka dawo ka auna shawarar "ka ba su kwana uku ka gani". A kwana na ukun me ya rage da za a gani?

Ba ta da magani. Bairos ce, don haka ko ka juye musu kantin magani gaba ɗaya a ruwa, kuɗinka kawai ka ƙara wa asara. Haka yake ga mutum ma, antibayotik ba ya kashe mura, ba ya kashe infuluwenza, sai dai in likita ya ga wata cutar bakteriya ta biyo baya.

Nan wani zai ce, Malam, ai duk abin da ka lissafa Niyukasil ma haka take yi. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce babbar matsalar. Niyukasil mai zafi tana zuwa a wannan lokaci na hunturu, tana kisa da sauri, ga koren zawo, ga murɗe wuya. Ko likitan da ya farke gawa ya duba ciki, zato kawai zai yi. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke raba su, kuma a Najeriya samfurin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ake kai shi. Abin da zai ɗan haska maka hanya shi ne tarihin rigakafinka. In ka tabbata ka yi Lasota a kan lokaci, maganin bai kwana a rana ba, ba ka haɗa shi da ruwa mai kilorin ba, amma duk da haka kaji suna zuba, to kada ka tsaya lallashin kanka. Ni dai ra'ayina, ko wacce ce daga cikin biyun, aikin da ke gabanka a ranar farko ɗaya ne: rufe ƙofa. Ba sai ka san sunan cutar ba kafin ka hana ta fita. Akwai kuma murar tsuntsaye mai sauƙi, H9N2, da aka samu a ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ke kama da CRD sak, sai dai magani ba ya tasiri yadda aka saba. Ita ma dalili ce na daina rubuta wa juna magani daga ganin hoto ɗaya.

Waɗanda suka daɗe a harkar ba sa buƙatar a tuna musu 2006. A watan Janairu kaji suka fara mutuwa a wata babbar gona a Jaji, jihar Kaduna. Sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar cewa H5N1 ce, bayan an kai samfur har Italiya. Kaji kimanin 40,000 ne suka mutu a wannan gona kaɗai, kuma shi ne karon farko da aka tabbatar da cutar a nahiyar Afirka. Ku duba tazarar da ke tsakanin fara mutuwa da sanarwa, kusan wata guda. A cikin wannan watan motoci sun shiga sun fita, kiret ya je ya dawo. Nan da nan aka ji ta a Kano da Filato, kuma kafin Fabrairu ya ƙare an tabbatar da ita a Magariya ta jihar Damagaram a Nijar. Ba ta san iyaka ba, don kasuwarmu ma ba ta sani ba. Ta dawo a farkon 2015 ta Kano da Legas, aka yi asarar miliyoyin kaji, ta sake dawowa a 2021. Wanda ya fara kiwo bara bai ga ko ɗaya ba, shi ya sa nake wannan dogon rubutu.

Ana yawan ɗora laifi a kan tsuntsayen daji, kuma suna da nasu kason. Duk shekara idan sanyi ya yi tsanani a Turai, agwagin daji da danginsu suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi, kuma agwagwa tana iya ɗaukar cutar tana yawonta lafiya lau. Amma tsuntsun daji sau ɗaya yake kawo ta gari. Daga nan mu ne muke raba ta gida-gida, a tafin takalmi, a tayar mota, a kiret ɗin ƙwai na takarda da ya zagaya gona biyar a sati, a buhun abinci da aka sake amfani da shi, a hannun yaron da ke yi wa gonaki uku allura a rana ɗaya, da kuma kashin kajin da masu noman rani ke saye a daidai wannan lokaci.

Yanzu mu zo inda maganar ke da ɗaci. Kowa a cikinmu ya san abin da ake yi idan kaji suka fara zuba. Ba likita ake fara kira ba, dillali ake kira. Kafin asuba mota ta tsaya a ƙofa, a loda masu sauran numfashi a rabin kuɗi, waɗanda suka kusa kuma a yi maza a sa musu wuƙa don kada su zama mushe, a fige a kai wa masu gashi. Da safe kajin nan suna kasuwa, keji a jikin keji da kajin wasu, da zabi, da agwagi, da talo-talo. Wata baiwar Allah ta sayi guda biyu masu araha ta kai gida cikin kajinta na hausa. Dillalin kuma da wannan motar, da waɗannan kejin, gobe yana ƙofar gonar maƙwabcinka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Mutum ya ci bashi ya zuba kaji dubu biyu, ya ciyar da su wata biyar, sun fara ƙwai ke nan. In ya kai rahoto, jami'ai su zo su kashe har masu rai, su binne, a rufe masa gona. Domin tun 2006 hanyar da gwamnati ta bi ke nan, kashewa da binnewa da feshi. Diyya kuwa, a karon farko naira 250 aka sa wa kaza ɗaya, kuɗin da masu gonaki suka ce bai kai darajarta ba, kuma a zagayen baya an sha jin koken jinkirin biya. To da me zai biya mai abinci? Wanda bai taɓa tsayawa a kan gawar jarinsa ba, da sauƙi zai yi wa'azi. Ni ma ina cikin masu cewa muddin ba a biyan diyya mai ma'ana kuma a kan lokaci, za a ci gaba da ɓoye cutar nan, kuma wannan magana ce da ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙe ta da ƙarfi tun kafin annoba ta zo, ba sai ta zo a fara taron manema labarai ba.

Amma duk da haka ban yarda sayarwa mafita ce ba, ko da ta fuskar kuɗi zalla. Abin da za ka tsira da shi kaɗan ne, don dillali ya san halin da kake ciki, shi zai yanka farashi. Wanda ya kwashe kajinsa a ɓoye kuma ya fita daga lissafin diyya gaba ɗaya, don abin da jami'ai suka kashe da hannunsu ake ƙirgawa. Sannan ka watsa cutar a yankin da kai ma za ka sake zuba kaji bayan wata biyu, ta dawo maka ta hanyar kiret ɗin da ka aika da ita. Idan labari ya fita kuwa, mutane su ƙaurace wa kaza da ƙwai, farashi ya faɗi a kan kowa, har wanda ke nesa da kai da kilomita ɗari. An ga haka a 2006. Asarar da ka guda ba ɓacewa ta yi ba, ka raba ta ne ga mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma yawancinsu sun fi ka ƙaramin ƙarfi.

Masu kifi, kada ku ce ba ruwanku, don da yawanmu kaji da tarwaɗa muke haɗawa a fili ɗaya. Al'adar jefa wa tarwaɗa mataccen kaza, ko a babbake ko ɗanye, mun san ana yi, wai a rage kuɗin abinci. Kifi ba ya kamuwa da murar tsuntsaye, wannan gaskiya ne. Amma ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a cikin ruwa mai sanyi, har makonni. Wannan ruwan kake saki ya bi kwata ya wuce ta bayan gidajen mutane inda agwagi ke wanka. A bakin wannan kududdufin balbela ke sauka, ta tashi ta sauka a rufin ɗakin kajinka. Da wannan bokitin yaronka ke ɗiban ruwa. Mai sayen matattun kaji ko kayan ciki daga wata gona don kifinsa, shi ma da kuɗinsa yake sayo wa kajinsa ajali. Kazar da ba ka san abin da ya kashe ta ba, rami mai zurfi ne wurinta, ko wuta.

To ranar da ka buɗe ɗaki ka ga abin da ba ka saba gani ba, me za ka yi? Ka fara da ƙirge, ka rubuta, ka kwatanta da na jiya da na shekaranjiya. Wannan ne amfanin ɗan littafin da ake rataye wa a ƙofar ɗaki, na mutuwa da ƙwai da ruwan da aka sha, wanda da yawanmu ke ganin ɓata lokaci ne. In adadin yana ninkawa, daga wannan lokacin ba abin da zai fita: ba kaza, ba ƙwai, ba kashi, ba kiret. Ba kuma mai shigowa, har abokinka mai kiwo da ya zo jaje ko ba da shawara, shi ne ma ya fi haɗari don daga wurinka ɗakin kajinsa zai nufa. Wanda ke kula da ɗakin da abin ya faru kada ya leƙa sauran ɗakunan. Ka kira likitan dabbobi, ka sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Kada ka farke gawar da kanka, kada ka ɗaure ta a bayan babur ka zagaya gari da ita kana nuna wa masana. Ka kuma kira maƙwabtanka masu kiwo ka gaya musu. Na san wannan ya fi komai nauyi a baki, amma in gemun ɗan uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to ta yaya zai shafa in an ɓoye masa wutar? In sakamako ya fito aka ce ba ita ba ce, ka yi asarar cinikin 'yan kwanaki ne kawai.

Saura maganar lafiyarmu mu kanmu, wadda muka fi sakaci da ita. CRD da koraiza ba sa kama mutum, Niyukasil ma iyakarta ta sa maka jan ido na 'yan kwanaki. Murar da kake yi kai ma ba za ka shafa wa kajinka ba. H5N1 kuwa tana tsallakowa, ba kasafai ba, amma in ta tsallako ba ta da wasa. A Hong Kong a 1997 ta kama mutum 18, shida suka mutu, aka karkashe kajin birnin gaba ɗaya. Daga 2003 zuwa yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum sama da 800 da suka kamu, kuma kusan rabinsu sun rasu. A nan gida ma, a farkon 2007 an tabbatar da ita a jikin wata matashiya 'yar shekara 22 da ta rasu a Legas. Tun 2024 kuma an same ta a shanun madara a Amurka, har wasu ma'aikatan gonakin suka kamu. Naman da ya dahu sosai ba shi ne abin tsoro ba, zafin da ya kai digiri 70 yana kashe ƙwayar. Haɗarin yana wurin yanka, figa, fitar da kayan ciki, kwasar gawa da sharar ɗaki. Wato yana kan yaran gona, da matan gida, da masu figa a kasuwa, mutanen da ba a tambayarsu ra'ayi lokacin da ake ciniki da dillali. Mai kwasar gawa ya sa safar hannu ko aƙalla leda, ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu, ya cire kayan aikin kafin ya shiga cikin iyali. Yara kuma a nisanta su da wurin.

Idan kaji sun mutu da yawa a gonarka, sannan cikin kwana goma kai ko yaronka ko wani a gida ya tashi da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon jiki, da tari, ko jan ido, ko numfashi yana yi masa wuya, wannan ba ta shan citta da lemun tsami a kwanta ba ce. Akwai maganin infuluwenza, Tamiflu, amma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko, kuma likita ne ke ba da shi. A tafi asibiti a ranar. Idan an je, ka faɗa wa likita da bakinka cewa kiwon kaji kuke yi kuma kaji sun mutu a hannunku kwanan nan, don shi ba lallai ya tambaya ba, gwajin maleriya zai fara rubuta muku.